Ranar da Buba Ya Durƙusa wa Surukinsa

A kakar bana ƙanena Abubakar, wanda mutanen Madadi suka fi sani da Buba, ya cika shekara tara da rasuwa. Kowace shekara idan aka fara yankan dawa, manyan motoci suka fara jerin gwano zuwa wuraren ajiyar hatsi na Gwarzo, nakan ɗauki alƙalami da niyyar rubuta wani abu a kansa, sa'an nan in ajiye, domin a gidan da muka tashi ba a koya mana fitar da ciwonmu bainar jama'a ba. Bana na ɗauka, kuma ban ajiye ba. Labarin da ake bayarwa a kansa a majalisu rabi ne, rabin da aka zaɓa kuwa shi ne wanda ba ya ɗora wa kowa laifi. Na yi aikin magatakardar kotu har na yi ritaya, kuma babban abin da aikin ya bar mini shi ne ƙin jinin shaidar da aka gutsure. Saboda haka zan faɗi abin da idona ya gani, daga farkonsa har ƙarshensa.

Kakanninmu makiyaya ne. Mahaifinmu ne ya kafa gida a gefen Madadi, ya kama noma, ya bar 'yan shanu a bayan gida don kada a ce an rabu da asali. Fulatanci ya ɓace a bakinmu tun muna ƙanana, amma fulako, kunyar nan da kawaicin Fulani, bai ɓace ba, kuma a cikinmu duka Buba ne ya kwashi kaso mafi tsoka. Ni aka kai makarantar boko, shi ya zauna da gona. Mutum ne da bai taɓa cin abinci a kasuwa ba, bai kuma taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba. Idan ya hango surukinsa, Baffa Sale na Kabo, mahaifin matarsa Habi, yana tafe a hanya, sai ya ratse cikin gonar da ba tasa ba, ya tsaya yana jujjuya zangarniya kamar mai shirin saye, har tsohon ya wuce. Idan kuwa haɗuwar ta zama dole, daga nesa zai tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa, ba zai ɗaga ido ba sai an sallame shi. Mukan yi masa dariya. Habi takan ce, "Wannan in Baffa ya shigo ya tarar da shi cikin rijiya, nutsewa zai yi don kada a gan shi ba hula." Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da abin da yake yi.

Abin da gona take bayarwa ba ya kai iyali ƙarshen rani, don haka da an gama girbi Buba yakan tafi dako a siton wani Alhaji mai sayen hatsi a Gwarzo. Ba zan ambaci sunan Alhajin ba, ba don tsoro ba, sai don ba sunansa nake so a riƙe ba, aikinsa nake so a riƙe. Duk wanda ya taɓa saɓa buhu ya san ƙa'idar jera kaya a sito: ana sarƙa su ne, wannan a miƙe wancan a gicciye, ba a barin jeri ya yi tsawon da zai fara rangaji, kuma idan za a kwashe daga sama ake farawa. A shekarar da abin ya faru masara ta yi albarka, farashi ya faɗi, Alhaji ya yi ta saye har jeri ya kusa taɓa kwanon rufi. Sai aka sami mai saye wanda yake son tsohuwar masara da ta bushe sarai, ita kuwa tana can ƙasa. A sauke na sama, a ɗebi na ƙasa, a mayar da na sama, aiki ne ninki biyu, ladan dako ma ninki biyu. Umarni ya zo cewa a riƙa zarewa daga ƙasa ta gefe. 'Yan dako suka yi gunaguni, aka ce musu wanda ba zai iya ba ga ƙofa nan a buɗe. Buba yana sunkuye yana jan buhu sa'ad da jerin ya kwanto masa.

Ba a kai shi asibiti ba. An sa shi a bayan a-kori-kura aka kai shi wurin mai ɗori. Ba ni da ƙorafi a kan masu ɗori, sun gyara hannuwa da ƙafafu masu yawa a ƙasar nan. Amma mai ɗori ba ya rubuta takarda, kuma wanda ya daɗe a kotu kamar ni ba zai yarda a ce masa zaɓin nan haka kawai ya faɗo ba. Washegari Alhaji ya aiko da buhun masara, ko daga cikin waɗanda suka danne shi ne ko daga wasu, Allah ne masani, tare da saƙon cewa ƙaddara ce, Allah ya sa kaffara. Na sha jin kalmar ƙaddara a irin waɗannan wurare, kuma na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Abin da na lura kawai shi ne, idan motar mai kaya ta kife a hanya, ba a ce masa ƙaddara a tashi. Sai an nemi direba, an tuhumi makanike, an bi diddigin kowane buhu. Idan ƙashin lebura ne ya karye, nan take kowa ya zama malami.

Watanni suka shuɗe, ƙafar ba ta taka ƙasa. Na ɗauke shi na kai shi birni aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya nuna mini inda ƙashin cinya ya karye dab da kwatangwalo, ya haɗe a karkace, kan ƙashin kuma ya fara mutuwa don jini ba ya isa gare shi. Ya ce aiki ne kaɗai maganinsa, kuma jinkiri ƙara lalata shi yake yi. Kuɗin aikin ya fi ƙarfina, ya fi ƙarfin gonarsa da shanun da suka rage ko da an haɗa su. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan a duk abin da zai biyo baya: ba arziki muka nema ba. Aikin da zai mayar wa mutum da ƙafarsa muka nema, daga hannun wanda a bakin aikinsa aka karya ta.

Dokar ƙasa ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta a wurin aiki, shari'ar Musulunci kuwa ta san diyyar gaɓɓai tun kafin a haifi masu dokar. Ba baƙon abu na kawo gari ba. Duk da haka sai da na sha fama da Buba kafin ya yarda a shigar da ƙorafi, domin a wurinsa, wanda ka ci abinci ta hannunsa ba ka kai shi gaban hukuma. Habi ce ta karya masa wannan taurin. Ta ce, "Malam, in kunyar Alhaji kake ji, ni kunyar maƙwabta nake ji, da kullum ƙwaryata tana gidajensu aron gari." Ya juyar da fuska bango ya ce da ni, "Yaya, yi abin da ka ga ya dace."

Alhaji bai musa cewa buhu ya faɗo ba. Cewa ya yi 'yar buguwa ce, an yi ɗori an warke, abin da hoto ya nuna tsohon ciwo ne na zamanin kiwo, mutumin garau yake, yayansa ɗan boko ne ya kwantar da shi don a tatsi mai abin hannu. Bayan an sha kai-komo, jami'in ƙwadago da yake sauraron maganar ya yanke cewa shi da wani likita wanda ba ya ɓangaren kowa za su zo gida su duba Buba da idonsu, tunda ɗaukarsa a mota azaba ce. Idan likita ya tabbatar ba ya iya tsayuwa da tafiya, Alhaji zai ɗauki nauyin aiki da diyya. Idan ya ga saɓanin haka, magana ta mutu. Na amince, na sa hannu, har da murnata. Mutumin da sai an tallafe shi yake zagayawa bayan gida, me za a zo a gani in ba gaskiya ba?

Damina ta yi nisa ranar da suka zo. Da hantsi ni da maƙwabcinsa muka ɗauko shi muka kwantar a zaure a kan katifarsa, da zane a ƙugu, yadda yake kwana yake yini. Ya so a sa masa riga, na hana. Na ce masa, "Ba ƙarya na ce ka yi ba. Yadda kake jiya, haka nake so a same ka yau. In ya taɓa wuri ka ji zafi, ka ce ka ji zafi." Ya ce to.

Motoci suka tsaya a bakin kwalta, domin hanyar gidan ba ta shiga mota, sai an tako ta tsakanin gonaki. Na fita tarye. Jami'i da likita ne a gaba. A bayansu ga Alhaji riƙe da hannun wani tsoho mai farar riga, yana gyara masa hanya yana cewa, "A hankali, Baba, akwai taɓo." Baffa Sale ne. Tun da abin ya faru bai tako gidan ba, ba kuwa don rashin kulawa ba. Sai dai ya aiko ƙannen Habi da gaisuwa da man shanu, domin ya san zuwansa nauyi ne a kan mara lafiya. Da sassafe Alhaji ya tura mota har Kabo, aka ce wa tsohon za a je dubiya, kuma bai dace a ce bare sun je uba yana zaune a gida ba.

Tun kafin mu kai ƙofa na gane abin da aka shirya. Na ɗaga ƙafa in riga su shiga, amma muryar Alhaji ta riga ni, domin da gangan yake ɗaga ta, yana ta "Baba Sale, Baba Sale" kamar mai shela. Na iske Buba a zaune, ya jawo rigar da take rataye ya zura, yana laluben hula. Na ce, "Kwanta." Ya ce, "Yaya, Baffa ne fa." Na ce, "Na gan shi. Kwanta." Ya yi mini irin kallon da ake yi wa wanda ya ce a ta da salla ba alwala, ya dafa bango, ya miƙe.

Tun ranar da buhunan suka danne shi bai tsaya da ƙafarsa ba. Ran nan ya tsaya. Da suka yi sallama ya taka zuwa bakin ƙofa, ya durƙusa a gaban surukinsa har gwiwa ta taɓa ƙasa, ya sunkuyar da kai, ya yi gaisuwa cikakkiya: an zo lafiya, ya hanya, ya mutanen gida, ya Inna, ya dabbobi, ya aka ji da ruwa. Bai tsallake ko ɗaya ba. Ina tsaye a bayansa ina ganin rigar tana jiƙewa a gadon bayansa kamar an watsa masa ruwa. Alhaji ya waiwayi likita ya ce, "Likita, ka dai gani da idonka. Ni da nake da ƙafata lafiya, wallahi ba na iya wannan durƙuson." Ya shafa tumbinsa yana dariya.

Likitan matashi ne, haifaffen birni, kuma ba zan ɗora masa laifin da ba nasa ba. Ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce Buba ya kwanta a katifa ya ɗage riga a duba kwatangwalon. Buba ya koma gefen ƙofa, nesa da tabarmar baƙi, ya zauna a ƙasa ya ce, "Ai da sauƙi, likita." Likita ya sake cewa ya kwanta. Buba ya ci gaba da zama inda yake yana kallon ƙasa. Namiji ba ya miƙe ƙafa a gaban surukinsa, balle ya kwanta, balle ya buɗe cinya. Duk wanda yake zauren ya san haka, ban da mutum biyun da aka aiko su gani su rubuta. Na ce a ba likita wuri, kowa ya fita. Alhaji ya riga kowa buɗe baki.

"Magatakarda, Baba za ka kora? Dattijo ya taso tun daga Kabo, ko ruwa bai sha ba, ka ce ya tashi ya fita daga zauren ɗansa? To ni dai ba da bakina ba. Baba, yi zamanka, nan gidanka ne. Karatun boko dai bai bar wa mutane komai ba."

Zan ba shi amsa ke nan Buba ya ɗago ya ce da ni a hankali, "Yaya, don Allah." Iyakar abin da ya ce ke nan. Likita ya matsa kusa da shi, ya danna ƙugun ta saman riga, ya tambaya ko da zafi. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce, "Ba komai." Likita ya danna wani wurin. "Ba komai." Baffa Sale yana zaune, idonsa a kan carbinsa. Na miƙa hoton ƙashi, likita ya ɗaga ya duba, ya ce lallai hoton ya nuna rauni, amma abin da aka aiko shi ya tabbatar shi ne ko mutumin yana iya tsayuwa da tafiya.

Sa'an nan aka zo tashi. Baƙo irin Baffa ba a sallamarsa daga bakin ƙofa. Alhaji ya ce, "Buba, yi zamanka, kada ka wahalar da kanka, mu ma mun isa mu raka Baba," da murya mai taushi, irin ta wanda ya san abin da zai biyo baya. Buba ya miƙe. Ya bi bayan surukinsa ta tsakanin dawa, ba sanda, ba dafa kowa, hannuwansa a baya, har bakin kwalta. Na matsa in riƙe shi, ya janye kafaɗa. Jami'in ya ciro waya ya ɗauke shi hoto yana tafe. A bakin mota ya sake durƙusawa, ya ce a gai da mutanen gida.

A nan labarin majalisu yake tsayawa. Ga sauran. Ya ci gaba da tsayuwa har motocin suka sha kwana, sa'an nan ya tambaye ni, "Sun ɓace?" Na ce sun ɓace. Sai ya zube. Ƙarar da ya yi ban taɓa jin irinta daga bakin ɗan Adam ba; masu noma a gonar kusa sai da suka yar da fartanya suka sheƙo. A baro muka mai da shi gida, baron da ake kwasar taki, domin shi ne abin da yake kusa. Daga wannan rana bai ƙara zama da kansa ba. Ɗan abin da ya haɗe a ƙashin ya sake rabuwa.

Rahoto ya fito, gajere, tsaf, babu ƙarya ko ɗaya a cikinsa: an iske ma'aikacin a tsaye, ya durƙusa ya tashi ba tare da taimako ba, ya yi tafiya mai nisa, ya ce ba ya jin zafi. Na nemi a sake dubawa, aka nuna mini sa hannuna a kan yarjejeniya. Na ce to a zo a gan shi yanzu. Lauyan Alhaji ya ce in ma yanzu a kwance yake, wani sabon abu ne ya same shi a gida bayan an tabbatar da lafiyarsa, kuma sito ba ya ɗaukar alhakin abin da ya sami mutum a hanyar gonarsa. Wato tafiyar da aka ɗora masa ita ce shaidar lafiyarsa, karayar da tafiyar ta jawo kuma ita ce shaidar cewa babu ruwan sito. Na ƙarar da ƙuruciyata ina rubuta hujjojin mutane, masu gaskiya da maƙaryata, ban taɓa ganin wadda aka ɗinke ciki da bai kamar wannan ba.

Muka sayar da shanun, muka jinginar da gona, muna tarawa kuɗin aikin yana ƙara yin gaba. Kwanciya ta huda masa baya, gyambon ya yi ta ci har ya kai ƙashi. Ya haura shekara a haka, ya rasu ana yankan dawa. Ban taɓa jin ya zagi Alhaji ba. Abin da ya dame shi a kwanakinsa na ƙarshe, har ya tambayi Habi ya sake tambaya, shi ne ko Baffa ya lura cewa hularsa a karkace take ran nan. Alhaji ya zo jana'iza ya tsaya a sahun gaba. Shi ya aiko da likkafani, kuma yadi ne mai kyau.

Nakan tambayi kaina abin da Buba zai ce da zai ga siton a yau. An faɗaɗa shi, an yi masa fenti. A bakin ƙofa an kafa allo mai hoton mutum sanye da hular kwano, an rubuta cewa lafiyar ma'aikaci tana gaba da komai. Hulunan kuwa suna nan, rawaya, a rataye cikin ofis. Ana sauke su ranar da manyan masu saye za su zo zagaye, a mayar da su da yamma. Jerin buhu yana nan yana neman rufi. Masu zuba maganin ƙwari a wake suna nan suna tari da tsumma a hanci. Ina jin da zai gani ba abin da zai ce. Zai gai da mai gadi, ya tuɓe riga, ya tambayi wace mota za a fara lodi. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Ban zo in zagi kunya ba. A cikinta aka raine ni, kuma ba na fatan ganin ranar da suruki zai miƙe ƙafa a gaban wanda ya ba shi 'ya. Wanda nake tuhuma shi ne mutumin da ya tashi a cikin wannan tarbiyya, ya san darajarta sarai, ya auna nauyinta kamar yadda yake auna hatsi, ya ga ta isa ta karya ƙashi, sa'an nan ya aika mota Kabo.

Da farko 'yan dako ne suke ba da labarin ranar, cikin tausayi. A hankali labarin ya sauya hannu. Yanzu manajan sito ne yake ba da shi, da masu zaman majalisar Alhaji: Buba jarumi, Buba ɗan asali, wanda ya taka karyayyiyar ƙafa ya raka surukinsa har mota. Mai karatu ya lura da kyau. Yanzu sun yarda ƙafar a karye take. Abin da suka musa a gaban hukuma yana da rai, da shi suke yabonsa yana kabari.

A daminar da ta wuce wani ɗan dako a siton, Ɗanlami, magidanci daga Mainika, ya faɗo daga saman mota ana ɗaure tamfol, igiyar da ta daɗe da ruɓewa ta tsinke a hannunsa. Bayansa ya taɓu, ƙafafunsa suka yi nauyi. Matarsa ta zo wurina don an gaya mata na san hanya. Na rubuta musu ƙorafi, na kuma gargaɗe su kada su yarda a duba shi a gida. A asibiti za a yi, ƙofa a rufe. Daga nan na tafi Kabo. Baffa Sale ya tsufa ƙwarai, ganinsa ya yi rauni. Duk shekarun nan muna gaisawa, amma ba mu taɓa tayar da maganar ranar nan ba. Na ba shi labarin Ɗanlami. 

"Malam," in ji shi, "kana tsammani ban gani ba? Na fara kiwo tun sandata ta fi ni tsawo. Saniya in tana ɓoye ɗingishi, daga nesa nake ganewa. Na ga gumin, na ga leɓensa ya yi fari. Na ce a raina, in na tashi na fita, na gaya masa ke nan na ga kasawarsa, kuma a gaban baƙi. Shi yana riƙe da girmana, ni ina riƙe da nasa, mai hatsi yana tsakiya yana kallonmu." Ya goge ido da hannun riga. "Ina surukin yaron nan yake? Kai ni wurinsa. In mota ta zo ɗaukarsa, kada ya shiga."

Na ɗauki shatar mota muka je. Surukin Ɗanlami manomi ne mai fara'a. Ya shimfiɗa mana tabarma a inuwa, ya sa aka damo fura. Baffa ya kwashe komai ya gaya masa, abin da ko 'yarsa Habi bai taɓa gaya wa ba. Mutumin ya saurara har ƙarshe, yana jinjina kai.

"Allah sarki, Baba, ashe kai ne surukin Buba! Kai, ka yi dacen suruki. Ai ni ba wanda ya aiko mini da mota. Da ƙafata na je na sami yaron nan. Duk inda na zauna sai a ce mijin 'yarka ya kwanta yana kuka a biya shi, ga Buba can da ƙashi a karye ko tari bai yi ba. Na ce masa in dai ni na ba shi mata, to ya janye takardar nan, kada ya ja mana magana a gari. Yaron kirki ne, bai musa mini ba, ya riga ya janye. Ku sha fura mana, Baba, ta gero ce sabuwa."

Baffa bai sha ba. Ya laluba ya sami hannuna, ya ce mu tafi. Na mayar da shi Kabo.

To me ya rage na ƙanena bayan shekara tara? Habi tana nan, tana surfe a gidajen mutane. Gonar ba ta dawo ba. 'Ya'yansa sun girma da halinsa, masu kunya, masu kawaici, kuma duk sa'ad da aka yaba mini su sai gabana ya faɗi. A gari kuwa sunansa ne ya rage, sunan kuma aiki yake yi wa Alhaji: ba ya gajiya, ba ya gunaguni, ba ya neman lada, ba a ma bukatar a zuba wa mota mai. Yana da rai ya yi musu dako, ya mutu ba su sallame shi ba. Wanda zai yi masa addu'a, ina godiya. Wanda kuwa zai ambace shi a kan mara lafiya don ya rufe masa baki, ina roƙonsa ya ji tsoron Allah ya ƙyale mamaci ya huta. Allah ya dubi Ɗanlami a inda yake kwance. Allah ya jiƙan Buba, ya sauke masa wannan kaya.